Jita Mai Doro Da Mai Shafaffiyar Fuska: A Dubi Jaki Kafin A Biya Kuɗi

A Chaza da sauran unguwannin da ke kewayen Suleja cikin Jihar Neja, jita ba baƙuwa ba ce. Ana kaɗa ta a majami'u da wuraren biki, samari kuma sukan tara kuɗin wata da watanni don su sayi ta gwanjo. Amma da yawa ba su san jitar katako iri biyu ce ba, watau mai shafaffiyar fuska da mai doro. Rashin sanin nan yakan jawo asarar kuɗi.

Wanda ya san goge ba zai sha wuyar gane mai doro ba. A jikin goge, jaki yana zaune bisa fata ba tare da an manna shi ba, tsirkiya ce ke danne shi. To, haka mai doro take. Fuskarta a tashe take kamar bayan kunkuru, tsirkiyoyinta shida sukan haye kan jaki su je su kama wani ƙarfe a gindinta, sai nauyinsu ya danna fuskar ƙasa. Doron nan shi ke ɗaukar nauyin, kamar yadda bakan gizo ke riƙe rufin soro. Maimakon rami ɗaya, tana da tsaga biyu masu lanƙwasa a gefe.

Ita kuwa mai shafaffiyar fuska, wadda aka fi gani a ƙasar nan, rami ɗaya gare ta a tsakiya, jakinta kuma manne yake da gam. A jikinsa tsirkiyoyin suke ƙarewa, saboda haka jansa suke yi kullum, kamar za su ɓamɓare shi. Jan tsirkiyoyin ƙarfe shida ya kai wajen kilo 70. Abin da ke hana fuskar tsagewa shi ne 'yan sandunan da aka gicciya daga ciki.

Dukansu biyu a Amurka suka sami siffarsu ta yau. C. F. Martin, Bajamushen da ya sauka New York a 1833, kamfaninsa ne ya shahara da gicciya sandunan nan. Orville Gibson na garin Kalamazoo shi ya kama sassaƙa fuska mai doro, yana koyi da gogen Turawa, aka kuma kafa kamfani da sunansa a 1902. A 1922 Lloyd Loar ya tsara musu samfurin L-5 mai tsaga biyu. A 1936 kamfanin ya fito da ES-150 mai haɗi da lantarki, wadda Charlie Christian ya yi suna da ita.

Muryarsu ma ta bambanta. Mai doro takan yi amo mai kaifi wanda ke fita da ƙarfi ya mutu nan da nan, shi ya sa makaɗan jaz suka so ta, don ana jin bugunta a tsakiyar ƙahoni da ganguna. Mai shafaffiyar fuska tana da kauri da daɗewar amo, ta dace da mawaƙi ɗaya ko 'yan amshi kaɗan. Wanda ke son rakiyar waƙa a ɗaki ko a ƙaramar majami'a, ita ce tasa, ga kuma sauƙin kuɗi.

Sai dai akwai maganar iska. Damina a ƙasar Suleja tana da laima, hunturu kuma busasshe ne ƙwarai. Katako yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. A nan mai shafaffiyar fuska takan tsage, ko ta yi tumbi a bayan jaki, ko gam ya saki. Mai saye ya gwada cusa 'yar takarda ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige, jaki ya fara tashi, gyara na jiransa.

Mai doro ba ta da wannan ciwo, amma tana da nata. In aka kwance tsirkiyoyi duka a lokaci ɗaya, jaki zai faɗi, in kuma ba a mayar da shi daidai gurbinsa ba, sauti ba zai ƙara daidaita ba. Don haka ɗaya bayan ɗaya ake sake su. Har ila yau, ba kowace mai doro ce sassaƙaƙƙiya ba. Masu araha falankin katako ne aka matsa da inji. Ba su kai sassaƙaƙƙiya zaƙin murya ba, amma sun fi ta jure hunturu.

Kowace iri mutum ya saya, kada ya jingine ta a rana ko kusa da murhu. Ya riƙa mayar da ita cikin jakarta, in kuma za ta daɗe a ajiye ya sassauta tsirkiyoyin. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.