Daga Zankon Zakara Zuwa Ƙwayar Daddawa

Mai karatu, akwai wani sinadari mai yauƙi a cikin idonmu da fatarmu da gaɓoɓinmu, wanda masana ke kira hayaluronik asid. A shekarar 1934 Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka fara tace shi daga ruwan idon saniya. A yau likitoci na amfani da shi wajen aikin cire yanar ido da allurar ciwon gwiwa, masu kayan shafa kuwa sun mayar da shi haja.

Da farko daga zankon zakara ake tatso shi. Daga baya aka koma ga bakteriya mai suna Streptococcus, wadda ke lulluɓe kanta da shi, sai dai ita mai haddasa cuta ce, tace dafinta kuma aiki ne ja. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke ba ta wannan baiwa, wato hasA. Nan filasmid ya shigo: ɗan zoben DNA ne da masana ke yankawa, su ɗinka masa ƙwayar gadon da suke so, su tura shi cikin wata bakteriyar tamkar ɗan aike da wasiƙa. A 2005 masu binciken kamfanin Novozymes suka bayyana cewa Bacillus subtilis ta karɓi saƙon, ta fara samar da sinadarin.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sukarin da ake gina sinadarin da shi, shi ne bakteriyar ke buƙata don gina bangon jikinta. Romon da take ciki kuma yakan yi kauri har iska ta gaza ratsa shi.

A matsayina na ɗalibin harshe, ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Bacillus subtilis ɗin nan ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa a tukwanen iyayenmu mata. Amma a kafafen labaranmu kowace bakteriya "ƙwayar cuta" muke ce mata. To, yaya likita zai faɗa wa dattijo cewa abin da za a zuba masa a ido ƙwayar cuta ce ta samar da shi, ya kuma yarda ya kwanta? A nawa ganin, wadda ta daɗe tana gyara mana miyar kuka ta cancanci wani sunan, kuma sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu ne ya kamata su zauna da masana kimiyya su raɗa mata shi.