Ɗaukar hoto: wasan yara da ke neman idon iyaye

A kasuwanninmu na kan iyaka, irin su Ƙonni da Illela, ko Jibiya da Maigatari, da wuya yau mutum ya leƙa rumfa goma bai ga yaro ɗan shekara bakwai ko takwas riƙe da wayar mahaifinsa ba. Wani bidiyo yake kallo, wani kuwa hoto yake ta ɗauka: na akuya, na amalanke, na mai shayi. Galibin iyaye tsawa suke yi su ƙwace wayar, wai kada a cika musu ita da shirme. To amma jama'a masu karatu, da irin wannan shirme ne wasu daga cikin manyan masu hoto na Afirka suka fara. Abin da ya fisshe su shi ne sun samu babba a gida da ya tsaya musu.

Alal misali, Felicia Abban, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a ƙasar Gana, a hannun mahaifinta J. E. Ansah ta koya a Takoradi, tun tana 'yar shekara 14. Ta yi shekara huɗu tana aiki a ƙarƙashinsa kafin ta koma Akra ta buɗe nata shagon a unguwar Jamestown. Daga baya har shugaba Kwame Nkrumah ta yi wa aiki. A 2019 an nuna hotunanta a babban baje kolin fasaha na duniya da ake yi a Italiya, ta kuma rasu a 2024.

Haka shi ma Seydou Keïta na Bamako. Ɗan kafinta ne, kuma aikin katako ya tashi yana koyo. A 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya dawo daga Senegal ya ba shi tsarabar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak. Da 'yan gidansu ya fara gwaji, sai a 1948 ya buɗe shago. Da hasken rana yake aiki a tsakar gida, ya rataya zane a bayan mutum, kuma saboda tsadar kayan aiki yawanci sau ɗaya yake ɗauka. Wannan tsimi shi ya koya masa duba da kyau kafin ya danna.

Akwai kuma Samuel Fosso, haifaffen Kumba ta Kamaru, wanda yaƙin Biyafara ya raba da Najeriya yana ƙarami. Ɗan'uwan mahaifiyarsa ya riƙe shi a Bangi, inda ya buɗe shagon hoto a 1975 yana ɗan shekara 13. In ya gama da masu zuwa, sai ya ƙarasa ragowar fim da ɗaukar kansa, don ya aika wa kakarsa a Najeriya ta ga yana nan lafiya. Waɗannan hotuna na ragowar fim su ne suka fito da sunansa duniya.

Ba cewa ake kowane yaro zai zama kamar su ba. Darasin dai shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a yau ba sai an sayi kyamara mai tsada ba. Tsohuwar wayar da aka ajiye ta isa, a cire mata layi, a miƙa wa yaro da sharaɗi.

Sharaɗin farko shi ne adadi. A zamanin fim, hoto 24 ko 36 ke cikin naɗi guda, kowane kuma kuɗi ne. Uba ko uwa su ce wa yaro hoto goma kawai zai ɗauka a yini. Da dare a zauna tare a duba, a tambaye shi wanne ya fi so, kuma don me. Zaman minti goma ɗin nan shi ne ainihin karatun.

Na biyu haske. A nuna masa cewa da hantsi da kuma bayan la'asar hoto ya fi kyau, domin rana tsaka takan jefa inuwa cikin ido ta ɓata fuska. Rana ta kasance a bayansa ko a gefensa, ba a bayan wanda ake ɗauka ba, in ba haka ba mutum ya fito baƙi ƙirin. Ya riƙe waya da hannu biyu, ya manne gwiwar hannu da jiki. In abu ya yi nisa ya taka ya matsa, domin jawo shi da yatsa a yawancin wayoyi dusar da hoto yake yi. Lokacin hunturu kuwa, a riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai taushi saboda ƙura.

Sharaɗi na uku ya fi sauran nauyi gare mu mazauna kan iyaka. Tun ranar farko yaro ya sani cewa ba a ɗaukar ma'aikatan duwan ko kwastan, ba a ɗaukar soja da jandarma, ko shingen bincike, ko gadar tsallake iyaka. A wannan hali na rashin tsaro, abin da yaro ya yi da wasa yana iya sa a ƙwace waya, a tsare uba ana yi masa tambayoyi, ranar kasuwa ta wuce shi. Haka nan ba a ɗaukar mutum sai da izninsa, musamman matan aure da 'ya'yan maƙwabta, kuma yaro ba ya tura wa kowa hoto sai babba ya gani. Hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Gidan da ke da ƙyama a kan hoton mai rai, kasancewar malamai sun yi saɓani a kai, ana iya tsayawa kan itatuwa, gine-gine da kayan haja.

A nan ne ma ɗan kasuwa zai ga riba. Ciniki da yawa yanzu da hoto yake farawa: mai saye yana Kano ko Maraɗi, ya ce a turo masa ya gani. Yaron da ya san cewa atamfa a inuwar bakin ƙofa ake ɗaukarta don launinta ya fito daidai, ya san walƙiyar kyamara takan ɓata ƙyallin shadda, ya san rago daga gefe ake ɗaukarsa a daidai tsayinsa, to ya zama mataimaki a rumfa, ba mai cinye caji ba. Sai dai a koya masa gaskiya tare da gwaninta: kada hoto ya ɓoye aibin kaya, domin amana ita ce jarin ɗan kasuwa. Kada kuma a bari hoto ya hana shi lakkol ko makarantar allo.

Daga ƙarshe, a riƙa wanke wasu hotunan. Waya takan ɓata, takan faɗa ruwa, amma takarda takan kai jika. Ko a kowace Sallah ne, a zaɓi uku cikin waɗanda yaro ya ɗauka a kai shagon hoto, a rubuta sunansa da shekara a baya. Wata rana hoton kakarsa tana tankaɗe, ko na rumfar mahaifinsa kafin a rushe ta, zai fi ƙarfin kuɗi. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a nema.