Yadda gwajin DNA ke gano dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dutse, Kiyawa ko Jahun ya san tsargiya: yaro ya yi wanka a kududdufi, bayan 'yan watanni ya fara fitsari da jini. Tsutsar da ke jawo ciwon ba ta kama mutum sai ta fara hayayyafa a cikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, ɗan dangin Bulinus.

Sai dai ba duk 'yan dangin ne ke ɗaukar ta ba, kuma ido ba ya iya raba su. Bulinus senegalensis da Bulinus forskalii duk siraran ne masu dogon ƙoƙo, kamar tagwaye. Na farkon yana zama a kududdufan da ke ƙafewa da rani, ya ɓuya cikin laka har ruwan sama ya dawo, kuma yana yaɗa tsargiyar fitsari. Na biyun ba a san shi da wannan aikin ba. Ga shi kuma siffar ƙoƙon tana sauyawa daga wannan ruwa zuwa wancan, har ƙwararre ma yakan ruɗe.

A shekarar 2003 ne Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya kawo shawarar a riƙa tantance dabbobi da wani guntun ƙwayar halitta mai suna cox1, mai haruffa kusan 650. Ana yankar ɗan naman dodon koɗin, injin PCR ya ninka guntun sau miliyoyi, a karanta haruffan, sannan kwamfuta ta gwada su da waɗanda ke rumbun GenBank a intanet. Haka ake yi wa tsutsar da ke cikinsa, domin ta shanu tana kama da ta mutane sosai, alhali ba ɗaya suke ba.

Na'urar karantawar ma ta ƙanƙance. MinION na kamfanin Oxford Nanopore yana shiga tafin hannu, da USB ake jona shi. Wahalar a wajenmu ita ce tsadar sinadarai da wutar da za ta riƙe firji.

Ana raba wa 'yan makaranta praziquantel, amma maganin ba ya hana sake kamuwa idan yaro ya koma ruwan. Kuɗin feshi kuwa ba zai isa kowane kududdufi da madatsa irin ta Warwade ba, don haka sai an san ainihin wanda ke zaune a kowane ruwa kafin a zaɓi inda za a fara.