Auna Baƙin Ƙarfen da Ke Zuwa Daga Taurari

Dare da rana wasu ƙwayoyi masu gudu kusan na haske suna afka wa duniya daga can cikin taurari. Masana na kiransu ƙwayoyin kosmik. Wajen kashi 90 cikin ɗari furoton ne, wajen 9 hiliyom, ɗan ragowar kuma cibiyoyin zarra ne masu nauyi, irin su kabon, oksijin, silikon da baƙin ƙarfe. Victor Hess ya gano ƙwayoyin a 1912 yana cikin balan-balan, amma sai 1948 aka ga sawun masu nauyin a Amurka.

Ba sa aunuwa kai tsaye a doron ƙasa, domin da sun shigo iska sai su yi karo su farfashe. Shi ya sa aka kai na'urori Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, mai tazarar kusan kilomita 400, wadda kan ratsa ta saman Jigawa lokaci-lokaci. An ɗora AMS-02 a 2011, CALET ta Japan kuma a 2015.

Da farko na'urar kan tantance ko wace ce baƙuwar, ta cajin lantarkinta. Alamar da ƙwaya ke bari tana bin cajin ne sau kansa: na baƙin ƙarfe 26 ne, don haka alamarsa ta ninka ta furoton mai irin gudunsa sau 676. Sai auna makamashi. AMS-02 na da maganaɗisu mai lanƙwasa hanyar ƙwayar. Mai ƙarfi sosai da ƙyar take lanƙwasuwa. CALET kuwa tare ta take yi da tubalan kiristal masu kauri, ta auna abin da ta zubar. Daga nan a ƙirga nawa suka zo a kowane matakin makamashi. Aikin na son haƙuri, domin idan makamashi ya ninku goma, adadin kan ragu ninki ɗaruruwa.

Wahalar ba ta banza ba ce. Boron, alal misali, ba a cika samunsa a taurari ba. A hanya ake haifarsa idan kabon ko oksijin ya fashe, saboda haka yawansa na nuna kaurin iskar tsakanin taurari da ƙwayoyin suka keto. A 2021 AMS-02 ta nuna jadawalin ƙirgar baƙin ƙarfe ya fi kama da na hiliyom, kabon da oksijin fiye da na silikon, duk da silikon ya fi kusa da shi a nauyi. A wannan shekarar CALET ma ta fitar da nata: siffar ta dace, amma adadinta ya gaza na AMS-02 da wajen kashi 20 cikin ɗari.