Sanduna Uku a Jaka Ɗaya: Shirin Ɗan Wasan Pul Kafin Babbar Karawa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa cikin jakar 'yan wasan pul, wato wasan teburin nan ɗan'uwan sunuka, wanda ake zura ƙwallaye a rami da doguwar sanda. Idan gwani zai fita karawar da aka zuba maƙudan kuɗi a kanta, waɗanne sanduna yake ɗauka, waɗanne kuma yake bari a gida? Ku biyo mu.

(Ƙarar fasa ƙwallaye a kan tebur)

A shekarar 1996 aka yi wata karawa a Hong Kong wadda har yau masoya wasan ba su daina zancenta ba. Efren Reyes ɗan ƙasar Filifins ne ya gwabza da Earl Strickland na Amurka, a kan dala 100,000. Sharaɗin shi ne duk wanda ya riga cin zagaye 120 ya kwashe. Kwana uku ana fafatawa, daga ƙarshe Reyes ya taso daga baya ya yi nasara da 120 da 117. In ka haɗa, zagaye 237 ke nan, kuma kowane zagaye da bugun ƙarfi ake buɗe shi, a tarwatsa ƙwallayen da aka jera. Sandar da za ta sha irin wannan duka, da wuya ta kai ƙarshen wasa tana yin aikin lallami yadda ya kamata. Shi ya sa a yau ba kasafai za ka ga gwani ya shigo zauren gasa da sanda ɗaya tal ba. Uku yake tahowa da su, kowacce da aikinta.

Ta farko ita ce sandar wasa, uwar tafiya. Tsawonta yakan kai inci 58, kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuma tsakanin oza 18 da 21, wato rabin kilo da 'yan kai. A tsininta akwai 'yar fata da aka manna, faɗinta bai wuce milimita 12 zuwa 13 ba. Wannan 'yar fatar ita kaɗai ke taɓa farar ƙwallo, don haka duk gwanintar hannu ta cikinta take bi. Wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud ake jingina wa ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 19, kuma an ce yana tsare a kurkuku ya gano dabarar. Kafin nan, itace ne ke dukan ƙwallo kai tsaye, ba halin murɗa ta ko jawo ta baya.

Ta biyu ita ce sandar fasawa. Ita kanta tauri gare shi ƙwarai, sau da yawa ma ba fata ba ce, wata irin roba ce mai taurin gaske, domin duk ƙarfin hannu ya wuce cikin ƙwallo ba tare da ya ɓace a hanya ba. Da mutum zai riƙa fasawa da sandar wasa, fatar za ta baje ta yi faifai, alli ya daina kama ta. Dubi Shane Van Boening na Amurka, wanda ya ci gasar US Open sau biyar, ya kuma ɗauki kofin duniya a 2022. Da bugun fasawa ya yi suna, domin a wasan ƙwallo tara, wanda ya iya buɗe zagaye yakan share tebur abokin karawarsa na zaune yana kallo.

Ta uku gajeruwa ce, sandar tsallake. Idan abokin karawa ya ɓoye maka farar ƙwallo a bayan wata, sai ka ɗaga gindin wannan sanda, ka doki farar daga sama zuwa ƙasa, ta dira a kan tebur ta yi tsalle ta haye wadda ta tare hanya. Zura sanda a ƙarƙashin ƙwallo a ɗago ta kuwa laifi ne. Hukumar wasan ta duniya, WPA, ta ƙayyade cewa kada sanda ta gaza inci 40 a tsawo, kada ta wuce oza 25 a nauyi, kada kuma faɗin kanta ya zarce milimita 14. Masu ƙera sandar tsallake a bakin inci 40 ɗin nan suke tsayawa. Amma fa ba ko'ina ake maraba da ita ba. A gasar Derby City Classic da ake yi duk shekara a jihar Indiana ta Amurka, an hana amfani da ita, kuma shi kansa Strickland ya daɗe yana sukar ta, yana ganin tana sauƙaƙa abin da ya kamata a sha wuya kafin a iya. Saboda haka kafin ɗan wasa ya zuge jakarsa, sai ya fara karanta dokokin gasar da za shi.

(Gajeren kiɗa)

To, jama'a, mu dawo kan sandar wasa, don a nan ne ake yin zaɓin da ke ci ko ya kayar da mutum. Sandar gida biyu ce da ake ɗaurawa a tsakiya: rabin baya da ake riƙewa, da rabin gaba da ke zamewa a kan yatsu. Idan ɗan wasa ya doki farar ƙwallo ta gefen dama don ya murɗa ta, ƙwallon ba ta bin layin da sanda ta nuna sak, takan ɗan goce hagu. Gocewar ba ta da yawa, amma a kan tebur mai tsawon ƙafa 9, ta isa ta sa ƙwallo ta daki bakin rami ta dawo. Kowane rabin gaba da irin gocewarsa, gwargwadon nauyin tsininsa. Ɗan wasan da ya shekara yana atisaye da sanda ɗaya, idonsa da hannunsa sun riga sun haddace wannan gocewa, yana gyara saiti ba tare da ya yi tunani ba. Ka miƙa masa sabuwa, ko da ta ninka tasa tsada sau goma, sai ka ga gwani ya koma lissafi kamar ɗan koyo. A gasar Mosconi Cup, wadda Turai da Amurka ke karawa tun 1994, daƙiƙa 30 ake ba mutum ya buga. Ina lokacin lissafi a nan?

Wannan ne ya sa sauya sheƙa daga itace zuwa zaren kabon bai zo wa kowa da sauƙi ba. Shekara da shekaru da itacen mapul na Arewacin Amurka ake yin rabin gaba. A 2016 kamfanin Predator ya fito da samfurin Revo na baƙin kabon, wasu kamfanoni suka biyo baya. Kabon ba ya lanƙwashewa don laima ko zafi, ba ya kuma saurin yin danƙo a hannu idan zaure ya cika da jama'a. Itace kuwa yana da amo da laushin bugu da tsofaffin hannu ba sa son rabuwa da su. Kowanne mutum ya zaɓa, masu horarwa a kan magana ɗaya suke: a yi sauyin tun da sauran watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren jajibirin wasa, ɗan wasa yakan shimfiɗa rabin gaba a kan tebur ya gangara shi a hankali, ya sunkuya yana duban ko haske na buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinsa, alamar ya lanƙwashe. Sai ya ɗaga tsinin zuwa fitila ya duba tudun fatar, ko gefenta ya fara bajewa. In ta yi santsi, ya ɗan karce ta don alli ya samu wurin zama. Ya ƙwanƙwasa ƙwallo ya kasa kunne, domin fatar da gam ɗinta ya fara saki takan sauya amo. Rabin gaba na ajiya shi ma ba sabo ake ɗauka ba. Iri ɗaya ne da na farko, fata iri ɗaya, kuma an riga an yi ta atisaye da shi har ya faɗa. Sannan alli, da safar hannu, da ɗan tawul.

Saura hanya. A filayen jirgin saman Amurka ba a barin fasinja ya shiga jirgi da sandar pul a hannu, dole ta bi cikin kaya. 'Yan sunuka sun san zafin wannan. Stephen Hendry ɗan Sukotland ya ci kofin duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da wata sanda da aka saya masa fam 40 tun yana yaro. A 2003, a hanyar dawowa daga Tailan, sandar ta karye a cikin kayan jirgi. Kuɗin sayen wata ba su ne matsalarsa ba, amma ya sha faɗin cewa bai ƙara samun wadda ta zauna masa a hannu kamarta ba. Saboda irin haka ne matafiya ke neman akwati mai tauri, wasu ma su raba sandunansu a jaka biyu, in ɗaya ta yi ɓatan kai, ɗaya ta isa.

Don haka, mai sauraro, in kana da wasa mai muhimmanci a gabanka, ko a ƙaramin zaure ne, ga abin yi: ɗauki sandar da ka fi daɗewa da ita, ka nemi wata daban ta fasawa ko da ta aro ce, ka tambayi dokar wurin kafin ka saka ta tsallake a jaka, sabuwar da ka sayo kuwa ta jira ranar atisaye.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)