Wa Aka Tambaya a Kafinsoli?

A shekarar 2010 cibiyar Pew ta Amurka ta fitar da sakamakon hira da mutum sama da 25,000 a ƙasashen Afirka 19, har da Najeriya, kan addini, aljanu, maita da waraka ta hanyar addu'a. Alƙaluman sun zaga duniya. Sai dai kafin a gaskata irin wannan ƙuri'ar jin ra'ayi, ya kamata a san wa aka tambaya, kuma ta yaya.

A ɗauki manomi a Kafinsoli, cikin ƙaramar hukumar Kankiya. In baƙo ya tambaye shi ko ya yarda da mu'ujizar annabawa, ba zai yi jinkirin cewa e ba. In aka gangaro kan karamar wani shehi, ko rubutun sha, nan ɗan ɗariƙa da ɗan Izala za su rabu. Tambaya ɗaya ba ta kama wannan bambancin. Matar da ke kulle kuwa, ko dattijon da bai da waya, sau da yawa ba a kaiwa gare su.

Siyasa ma ta nuna haka. Kafin zaɓen 2023 ƙuri'ar NOI Polls ta sa Peter Obi a gaba, amma INEC ta bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya ci.