Al'ummar Da Ke Zaune A Cikin Ɗigon Ruwa

Yau za mu ba ku labarin wata al'umma wadda muke zaune tare da ita dare da rana, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganinta. In mutum ya je bakin kududdufi da damina, ya tsoma tsinke ya ɗauko ɗigon ruwa ɗaya, ya aza shi ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, zai iske ɗigon nan ya cika kamar kasuwa ran da take ci. Wannan na iyo, wancan na rarrafe, wani na farautar wani. Masana suna kiran waɗannan halittu furotozuwa. Kalma ce ta Yunananci, ma'anarta dabbobin farko, wani Bajamushe mai suna Goldfuss ne ya raɗa musu ita a 1818.

Wanda ya fara ganinsu ba likita ba ne. Wani mai sayar da tufafi ne a garin Delft ta ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, gwanin goge gilashi. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki kusa da garinsu, ya duba da madubin da ya ƙera da hannunsa, sai ya ga 'yan halittu suna ta kai da kawowa.

To, yaya siffarsu take? Jikin ɗan Adam, da na doki, da na itacen kuka, duk da ƙananan ƙwayoyi marasa ƙidayuwa aka gina su, kamar yadda ake jera tubali a tayar da soro. Su kuwa waɗannan, kowace ɗaya tubali guda ce tak, amma da shi take ci, take tafiya, take fid da ƙazanta, take haihuwa. Haihuwar yawancinsu kuwa ita ce uwa ta rabu biyu, kowane rabi ya zama cikakkiyar halitta. Sun fi bakteriya girma, suna kuma da ɗan ɗaki a tsakiyarsu inda gadon halittarsu yake, irin wanda ƙwayoyin jikinmu suke da shi. Bakteriya ba ta da wannan ɗaki.

Masanan da sun kasa su kashi huɗu bisa ga irin tafiyarsu. Na farko su ne dangin amiba, waɗanda ba su da tsayayyar siffa. Amiba takan miƙa wani sashe na jikinta gaba, sauran jikin ya kwarara ya bi, kamar kunu in ya zube a ƙasa. In ta tarar da abinci sai ta kewaye shi ta rufe. Na biyu masu bulala ne, watau wani dogon zare da suke kaɗawa su yi iyo. Na uku masu gashi, kamar faramisiyam, wadda siffarta ta yi kama da tafin takalmi. Gashin jikinta dubbai ne, suna kaɗawa bi da bi kamar matuƙa jirgin ruwa, tsawonta kuwa sai an jera kamar guda huɗu kafin su cika milimita ɗaya. Tana da 'yar jaka da take kwashe ruwan da ya shige ta tana zubarwa, kamar yadda mai fito yake kwarfe kwalekwalensa. Na huɗu su ne waɗanda ba su iya rayuwa sai a cikin jikin wani. Amma binciken gadon halitta na wannan zamani ya nuna ba kakansu ɗaya na kusa ba. Waɗansu sun fi kusa da dabbobi, waɗansu da gansakuka. Sunan furotozuwa kamar sunan zango ne, inda baƙi daga ƙasashe dabam dabam suka sauka.

Da yawa daga cikinsu suna da wata dabara irin ta gaiwa. Kowa ya san yadda gaiwa take shigewa cikin taɓo in rani ya yi, ta kwanta har ruwa ya sauko. Haka su ma, in wuri ya bushe sai su dunƙule, su yi wa kansu ɓawo mai tauri, su jira. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kada a zaci duk abokan gaba ne. Mafi yawansu ba ruwansu da mu, waɗansu ma amfani suke yi mana. A cikin tumbin saniya akwai dubban ɗaruruwa na masu gashi a kowane ɗan cokali na ruwan tumbin, suna taimakawa wajen narkar da ciyawa. Waɗansu irin gara ba su iya narkar da itace sai da taimakon masu bulala da ke cikin hanjinsu. Na cikin ƙasar gona suna cin bakteriya, suna sakin abincin da shuka take sha. Na teku kuwa akwai masu yin ƙwanso, waɗansu har sun kai faɗin kwabo. Ƙwansonsu ne ya taru shekaru aru aru ya zama farin dutse, har ana ganinsa a jikin duwatsun da aka gina dalar Giza ta Masar da su.

Sai dai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. 'Yan kaɗan ɗin da suke cutarwa sun yi wa ƙasashenmu ɓarna mai yawa, kowace kuwa da hanyar da take bi.

Ta farko ita ce mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Wani likita Bafaranshe, Laveran, ya gan ta cikin jinin wani soja a Aljeriya a 1880, Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Macen sauro ce take zuba ta cikin jini. Ta fara sauka a hanta ta yaɗu, sa'an nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana fasa su kusan kowane kwana 2, shi ne lokacin da jiki yake ɗaukar ɗari da zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe fiye da mutum 600,000 a 2022, yawancinsu yara ƙanana a Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu kamuwa. A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafinta a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Ta biyu mai bulala ce, tsando ne dokinta. A jikin mutum ita ce ciwon barci, danginta kuma su ne sammore a jikin shanu. Tsohuwar cuta ce, don Ibn Khaldun ya rubuta cewa ita ta kashe Sarkin Mali Mari Jata wajen 1373. Wayonta shi ne sake riga: da dakarun jiki sun gane ta, sai ta canza fatarta, kamar ɓarawon da ya sake tufafi a tsakiyar kasuwa. Saboda haka har yau ba ta da allurar rigakafi. Amma tsandon bakin rafi ba ya iya zama sai da inuwa. Da ciwon ya tsananta a ƙasar Zazzau a shekarun 1930, sai aka sassare kurmin rafukan wajajen Anchau, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Da irin wannan aiki, da gwaji, da magani, waɗanda aka samu da ciwon a duniya duka suka koma ƙasa da 1,000 a 2018.

Ta uku amiba ce mai kawo atuni. Ba ta bukatar sauro ko tsando. Dabarar gaiwar nan take yi: ta dunƙule cikin ɓawonta, ta fita tare da bayan gida, ta jira a ruwa, ko a ganyen salak, ko a hannun da ba a wanke ba. Ruwa ya yi garau a ido, amma tana ciki. Tafasawa tana kashe ta.

Ga amfanin wannan ilmi. Mu kan tara kome mu ce ƙwayar cuta, mu sayi magani ɗaya mu sha don kowane zazzaɓi. Alhali fenisilin, wanda yake kashe bakteriya, ba ya yi wa ta cizon sauro kome, yaro kuwa yana iya galabaita kafin a farga. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Mai zazzaɓi a gwada jininsa kafin a ba shi magani. Sauro a tare shi da gidan sauro da cike kududdufai. Masai a nisanta shi da rijiya, a wanke hannu da sabulu, ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa. Makiyayi kuma in ya ga saniya tana ramewa bayan kiwo a kurmi, ya nemi malamin dabbobi tun da wuri.